Kifin ton: yadda ake farautar giwar teku da guntun ƙarfe

Duk ɗan Nijar da ya taɓa cin rani a Abijan ya san garba: aceke, da yankan kifi soyayye, da tumatir da albasa da tattasai mai yaji. Sunan ma na Hausa ne, domin ƴan ƙasar nan ne suka yi suna wajen sayar da wannan abinci a unguwanni irin su Ajame da Tireshibil da Yopugon. Kifin da ke kan aceken shi ne wanda Faransawa ke kira ton, Turawan Ingila kuma su ce tuna. Mai ci yana ganin ɗan yanki ne kawai a faranti, amma a teku akwai ɗan'uwan wannan kifi da ya fi bijimin sa nauyi, kuma akwai mutanen da ke kama shi da sanda da zare da guntun ƙarfe.

Kifin da ba ya hutawa

Ton iri-iri ne. Akwai listawo, ƙarami mai ƴan kilo kaɗan, wanda shi ne ya fi cika gwangwanayen da ake sayarwa a kantuna. Akwai albakor mai rawayar fukafukai, wanda babbansa kan kusanci kilo 200, kuma yana hayayyafa a mashigin tekun Gine. Akwai patudo mai manyan idanu, wanda ke wuni a can ƙasa cikin ruwa mai sanyi da duhu, sai da dare ya taso. Sarkinsu kuwa shi ne jan ton. A watan Oktoba na 1979 wani masunci mai suna Ken Fraser ya kama guda mai kilo 679 a gaɓar Noba Sikoshiya ta ƙasar Kanada, da sanda da zare, kuma har yau ba a rubuta wanda ya fi shi ba a wannan fanni.

Halittar wannan kifi ita ce ta sa kamunsa ke da wuya. Ton ba ya tsayawa tun daga haihuwa har mutuwa, saboda sai yana tafiya baki buɗe ruwa ke ratsa masa ya samu numfashi. Jikinsa kusan duk tsoka ne. Bugu da ƙari, jan ton yana iya riƙe ɗumin jikinsa sama da na ruwan da yake ciki da digiri 10 ko fiye, abin da kifayen kogi ba sa iyawa. Tsoka mai ɗumi ba ta saurin gajiya. Masuncin Gaya ko na tafkin Madarumfa da ya taɓa fama da babbar giwan ruwa ya san ɗanɗanon abin, sai dai ton yana haɗa wannan ƙarfi da gudu, ga kuma zurfin teku a ƙarƙashinsa.

A kowace shekara ana kama kimanin tan miliyan 5 na manyan ire-iren ton a duniya, kuma wajen kashi biyu cikin uku da ƙaton taru ake kewaye su daga manyan jirage. Kifin garba daga nan yake fitowa: wanda ya yi ƙanƙanta ko ya ji rauni, masana'antun gwangwani suka ƙi shi, sai a sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Abijan ya shiga kasuwar gari. Amma akwai wata hanya dabam, ta mutum ɗaya da kifi ɗaya.

Yaudara da ƙarfe

Mai fatsa a kogi tana yake sa wa ƙugiya. Mai wannan sana'a a teku ba ya sa komai mai rai. Abin da yake jefawa guntun dalma ne ko wani ƙarfe mai nauyi, dogo siriri kamar wuƙa, an shafe shi da launi mai ƙyalli ya yi kama da ƙaramin kifi. Masu sana'ar suna kiransa jig. A Hausance sai a ce kifin ƙarfe. Dabarar tsohuwa ce, domin masuntan Norwe sun daɗe suna kamun kifi da irinta, amma mutanen Japan ne suka sabunta ta a shekarun 1990, lokacin da aka samu sabon zare siriri mai ƙarfin gaske.

Jirgi kan yi nisa da gaɓa har ƙasa ta ɓace wa ido. Matuƙi yana duban tsuntsaye, don inda suke shawagi suna faɗawa ruwa, akwai ƙananan kifaye, kuma inda ƙananan suke, manya na ƙarƙashinsu. Yana kuma duban na'urar da ke aika sauti ƙasa tana nuna masa a allo zurfin da garken kifi yake. In ta nuna metir 80, sai a tsayar da jirgi a saman garken, masunci ya saki ƙarfensa ya nutse har ya wuce su kaɗan. Daga nan sai ya shiga ɗaga sanda yana naɗe zare, ɗagawa ɗaya naɗi ɗaya, ƙarfen yana tsalle hagu da dama kamar kifin da ya firgita yana neman tsira. In ya taho metir 30 ko 40 ba a taɓa ba, sai ya sake saki.

Salon iri biyu ne. Akwai na sauri, mai cin ƙarfin kafaɗa, wanda ke tsokano kifi ya biyo da gudu. Akwai kuma na sannu, inda ake amfani da ƙarfe mai faɗi, a ɗaga shi a bar shi ya faɗo yana lilo kamar ganye. Sau da yawa ton a lokacin faɗowar nan yake cafka. Masunci sai ya ga zare ya saki alhali ƙarfen bai kai ƙasa ba. Wanda bai gane wannan alama ba, kifi ya tofar da ƙarfen ya tafi kafin ya farga.

Zaɓen kayan aiki

A nan ne mai niyyar shiga sana'ar ke yin riba ko hasara tun bai bar gaɓa ba. Kayan guda biyar ne, kuma kamar sarƙa suke: wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne ƙarfin dukansu.

Na farko sanda. Gajera ce, tsakanin metir 1,5 da 1,8, saboda doguwar sanda kifi take ba wa rinjaye a kan bayan mutum. Ana son kanta ya yi laushi don ƙarfen ya yi rawa, gindinta kuma ya yi tauri don ɗaga nauyi. A jikin kowace sanda an rubuta nauyin ƙarfen da za ta iya ɗauka, kuma wanda ya zarce wannan adadi shi ya sayi karyewarta.

Na biyu injin naɗin zare, wanda ya fi komai tsada. Abin dubawa a gare shi birkinsa. Ba a tsayar da ton da ƙarfin tsiya. Birki ne ke barin zare ya fita a hankali sa'ad da kifi ya ja, yana gajiyar da shi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ɗaure birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. In zare na ɗaukar kilo 45, birki ya tsaya tsakanin kilo 11 da 15. Inji marar kyau, in kifi ya ja metir 200 a gudu ɗaya, birkinsa kan yi zafi ya riƙe, zare ya tsinke nan take. Kampanonin Japan biyu, Shimano da Daiwa, su ne suka yi fice a nan, kuma manyan injinansu, Stella da Saltiga, sukan kai sefa jaka 600 ko fiye. Akwai masu sauƙin kuɗi da ke isa ga kifi mai kilo 30 ko 40. Amma wanda ke neman mai kilo 100 ya tuna cewa araha ba ta ado.

Na uku zare. Wanda ake amfani da shi yanzu saƙaƙƙe ne daga wata irin roba mai suna Dyneema ko Spectra. Siririntakarsa ke sa ya yanka ruwa ƙarfen ya nutse da sauri, kuma da yake ba ya miƙewa, ko taɓa ƙarfen kifi ya yi a zurfin metir 100, hannu zai ji. Ana rina shi launi dabam kowane metir 10, don masunci ya ƙirga launuka ya san inda ƙarfensa ya kai. Ana auna kaurinsa da lambar Japan, kuma lamba 6 zuwa 8 ake ɗaura wa manyan kifaye, aƙalla metir 300 zuwa 400 a kan inji.

Na huɗu zaren gaba. Saƙaƙƙen zare yana da aibi biyu: kifi na ganinsa, kuma ba ya jure guga. Ton kuwa idonsa kaifi gare shi. Saboda haka ake ƙulla masa a gaba ƴan metoci na wani zare garai-garai mai kauri, wanda ke ɗaukar kilo 60 zuwa 90. Ƙullin da ke haɗa su biyu shi ne wurin da aka fi yin hasarar kifi. Ƙwararru sukan zauna daren tafiya su ƙulla shi a natse, su ja shi da iyakar ƙarfinsu, domin ƙullin da zai kwance gara ya kwance a ɗaki.

Na biyar kifin ƙarfen da ƙugiyarsa. Nauyinsa kan kama daga garam 150 zuwa 400. Gwargwadon zurfi da ƙarfin igiyar ruwa, gwargwadon nauyin da ake buƙata, kuma abin lura shi ne zare ya tsaya a miƙe ƙasa. In ya karkace, ƙarfen ya yi sauƙi. Ƙugiyar ba a wutsiya take ba. Ana rataya ta a kan ƙarfen da ƴar igiya mai tauri, saboda dalili biyu: babban kifi ta kai yake kai wa ƙarami hari, kuma in ya kamu yana girgiza kai, ba zai samu nauyin ƙarfen ya yi amfani da shi ya ɓalle ƙugiyar ba. Zobban da ke haɗa su kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma zobe ɗaya marar kyau kan ɓatar da tafiyar da aka kashe wa dukiya.

Sai kayan kare kai: safar hannu, da ɗamara mai ramin da ake kafa gindin sanda, da rigar da ke hana nutsewa. Zaren nan in ya ɗaure kamar reza yake, kuma wanda ya naɗa shi a yatsa sa'ad da kifi ke ja yana iya rasa yatsan.

Kokawa da abin da ke biyo bayanta

Da ƙugiya ta kama, ton kan yi gudu ɗaya mai tsawo, sa'an nan ya nufi ƙasa. In ya fara gajiya sai ya kwanta a gefe yana kewaye a ƙarƙashin jirgi, kuma a kowane zagaye masunci kan samu metir ɗaya ko biyu. Nan ne baya ke ciwo, nan ne kuma mai gaggawa ke ƙara birki ya tsinka zarensa.

Amma jan lokaci ma hasara ne. Kifin da ya daɗe yana kokawa jikinsa kan yi zafi, namansa ya koɗe ya yi tsami, darajarsa ta faɗi. Don haka da an hawo da shi ake soke ƙwaƙwalwarsa, a zubar da jininsa, a cire kayan ciki, a binne shi cikin ƙanƙara. Ɗan kasuwa zai gane dalili in ya ji farashi. A watan Janairu na 2019, a gwanjon farkon shekara na kasuwar Toyosu ta birnin Tokiyo, Kiyoshi Kimura, mai jerin gidajen abinci, ya sayi jan ton mai kilo 278 a kan yen miliyan 333,6, abin da ya haura sefa miliyar ɗaya da rabi. An kama kifin ne a yankin Oma, a arewacin Japan. Wannan farashi na neman suna ne, ba na kullum ba, amma ko a ranakun da ba na biki ba, kifi biyu masu nauyi ɗaya sukan bambanta ƙwarai a kuɗi saboda yadda aka kula da su a sa'ar farko.

Teku ma tana da iyaka

Kuɗin nan ya kusa ƙarar da jan ton. Hukumar da ke kula da ton a tekun Atalantika, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a 1966 kuma take da mazauni a Madirid, ta fara shirin ceto shi a 2007. A 2010, a birnin Doha, ƙasar Monako ta nemi a hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, aka ƙi amincewa, amma an rage adadin da ake kamawa, an tsananta bincike. A gabashin Atalantika da Bahar Rum an hana ɗaukar wanda bai kai kilo 30 ba. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta cire jan ton na Atalantika daga jerin masu fuskantar ƙarewa. A Faransa, mai kamunsa don nishaɗi sai da takardar izini, kuma ba shi da ikon sayar da abin da ya kama.

A tekun Gine damuwar ta fi karkata ga patudo da albakor. Manyan jirage suna sakin wasu abubuwa masu yawo a kan ruwa, waɗanda kifaye ke taruwa a ƙarƙashinsu, sai taru ya kwashe manya da ƙanana gaba ɗaya. A 2019 hukumar ta yanke cewa daga 2020 za a riƙa dakatar da wannan kamu na wasu makonni a kowace shekara. Mai kifin ƙarfe ba shi da wannan matsala, domin ɗaya-ɗaya yake kamawa, kuma yana iya sakin ƙarami ya koma ya girma. Sai dai hanyarsa ba za ta taɓa cika gwangwanayen duniya ba, balle ta ciyar da Abijan.

Nijar ba ta da teku, kuma da wuya a ga ranar da za a sayar da irin waɗannan kaya a babbar kasuwar Maraɗi. Duk da haka dokokin da ake yankewa game da ton suna da hanyar isowa nan. In jirage suka rage saukewa a Abijan, kifi ya yi tsada, yankan da ke kan aceke ya ƙanƙance, ribar mai garba ta ragu, kuma kuɗin da yake aikowa ƙauyensu a jihar Tawa gabanin damina su ma su ragu.