Kundin tsabar kuɗi

Kundin tsabar kuɗi wani littafi ne na kwali mai kauri ko na roba wanda ake yi wa gurabe daidai girman kowace tsaba, domin masu tara tsabar kuɗi su jera abin da suka tara kuma su kare shi daga lalacewa. Akwai manyan nau'o'i biyu: folda, wadda take nuna fuska ɗaya ta tsaba, da albam, wanda yake nuna fuska da baya. A ƙarƙashin kowane gurbi akan buga shekarar da aka ƙera tsabar da harafin masana'antar da ta ƙera ta, sau da yawa har da adadin da aka fitar a wannan shekara. Saboda haka kundin ma'ajiya ne, kuma jerin abin da ya rage wa mai shi ya nema.

Tarihi

Kafin ƙarni na 20, masu tara tsaba a Turai da Amurka galibi masu hali ne, kuma suna ajiye kayansu a cikin kabad na katako mai aljihunan tebur marasa zurfi, ko a cikin ƙananan ambulan. A ƙarshen shekarun 1920 Martin Luther Beistle na jihar Pennsylvania ya ƙera shafukan kwali masu gurabe da murfi mai haske, wanda dillalin tsaba Wayte Raymond na New York ya riƙa sayarwa daga baya da sunan National Coin Album. Amma waɗannan suna da tsada ga talaka.

Abin da ya sauya lamarin ya zo a shekarar 1934, ana tsakiyar matsin tattalin arziki a Amurka, lokacin da J. K. Post na garin Neenah a jihar Wisconsin ya fito da allon kwali guda mai gurabe na kwabon Lincoln, ana sayar da shi santi 25. Ba da jimawa ba kamfanin Whitman na garin Racine ya karɓi aikin. A 1940 kamfanin ya mayar da allon ya zama shuɗiyar folda mai naɗewa wadda za ta shiga kanta kamar littafi. Richard Yeo, wanda aka fi sani da R. S. Yeoman, yana cikin waɗanda suka tsara ta.

Tasirin allon ya wuce ajiya. Gurbin da babu komai a ciki yana damun mai kallo, don haka yara da manya suka fara duba canjin da ke aljihunsu suna neman shekarar da ba su da ita. Ta haka kowa ya gane waɗanne ne masu wuyar samu. Misali kwabon 1909 da aka buga a San Francisco mai ɗauke da haruffan VDB na mai zanensa, guda 484,000 kawai aka yi, kuma gurbinsa ne ya fi zama fayau a yawancin foldoji. Irin wannan sha'awa ta sake tashi tsakanin 1999 da 2008, lokacin da Amurka ta buga kwata dala ta musamman ga kowace jiha daga jihohinta 50, da kuma a Turai bayan fitowar tsabar Yuro a 2002, inda kowace ƙasa take da nata zane a fuska ɗaya.

Folda da albam

A folda ana danna tsabar ne cikin gurbi har ta kama, bayanta yana jingine da takarda. Tana da araha kuma ba ta da wuyar sha'ani, shi ya sa ake fara wa yara da ita. Aibinta shi ne fuskar tsabar tana buɗe ga iska da ƙura, kuma dole a sa babban yatsa a danna ta, wanda kan bar zanen yatsa da zai fito bayan shekaru. Idan gurbin ya saki, tsabar tana faɗowa. Folda ta dace da tsabar da ta riga ta zaga hannun mutane, ba sabuwa fil ba.

A albam kuwa gurbin huda ne da ya ratsa shafin, sai a zura siririyar roba mai haske ta gaba da ta baya. Kamfanonin da aka sani da yin sa sun haɗa da Dansco da Whitman da Littleton a Amurka, da Leuchtturm a Jamus. Shi ma yana da tasa illar: idan ba a tura tsabar ta zauna sosai ba, robar takan goge wuraren da suka fi tudu, kamar kumatun hoton da ke jiki, ta bar siraran layuka da ke rage darajarta.

Akwai kuma hanya ta uku ga tsabar da ba a buga mata kundi na musamman ba, irin su anini da kwabo masu huda a tsakiya na zamanin mulkin Ingila a Afirka ta Yamma. Ana sa kowace a cikin ɗan kwali mai inci 2 kowane gefe, mai taga ta roba, a rubuta bayaninta a jiki, sannan a jera su a shafin roba mai aljihu 20. Idan an ɗinke kwalin da fil, sai a danne ƙafafunsa da filaya, don kada ya karce tsabar da ke kusa.

Abin da ke lalata tsaba a cikin kundi

Babbar matsalar ita ce abin da yake taɓa ƙarfen na tsawon shekaru. Tsofaffin kwalaye da gam ɗinsu suna ɗauke da farar wuta, wadda take haɗuwa da azurfa ta sauya mata launi, daga ruwan ɗorawa zuwa shuɗi har zuwa baƙi. Da yake gefen tsabar ne ke manne da kwalin, launin yana farawa daga baki ya yi zobe zuwa tsakiya. Abin mamaki, wasu masu saye suna biyan ƙarin kuɗi kan irin wannan zobe mai kama da bakan gizo, musamman wanda ya fito daga albam ɗin Wayte Raymond. Sai dai ba a iya tsayar da shi inda ake so; idan ya yi baƙi ƙirin, ya zama lahani.

Wanda babu mai so shi ne lahanin roba mai laushi ta PVC. Sinadaran da ake sa mata don ta yi laushi suna tsattsafowa a hankali, musamman cikin zafi, su bar wani kore-kore mai danƙo a jikin tsaba, wanda daga bisani yake cin ƙarfen ya bar ramuka. Akan gane irin wannan roba ta laushinta da kuma warinta mai ƙarfi. Idan an farga da wuri, ana jiƙa tsabar a tsantsar asiton ba tare da an goga ba. Robar da ake ɗauka mai lafiya ita ce mai ɗan tauri irin ta Mylar.

Danshi shi ne na uku, kuma ya fi yi wa jan ƙarfe da tagulla illa. Kwali yana shan laima ya riƙe ta, don haka a wuraren da damina ke da ƙarfi ana ajiye kundi nesa da bango da ƙasa, a cikin akwati mai murfi tare da ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi.

Kulawa

Ana riƙe tsaba ta gefenta, da hannu mai tsabta ko safar auduga, a kan kyalle mai laushi. Ba a wanke ta da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe kafin a sa ta a kundi, domin masu saye suna gane wadda aka goge, kuma farashinta yana faɗuwa ƙwarai. Yana da kyau a riƙa buɗe kundin ana dubawa lokaci-lokaci.

Tsaba mai tsada sosai yawanci ba a barin ta a folda ko albam. Ana aika ta ga kamfanonin tantancewa irin su PCGS, wanda aka kafa a 1986, ko NGC, na 1987, su ba ta maki tsakanin 1 da 70 su rufe ta ruf a cikin roba mai tauri. Wasu masu tarawa sukan fasa wannan robar su ciro tsabar, don kawai su cike gurbin ƙarshe da ya rage a albam ɗinsu.