Keken Haya Marar Tasha

A manyan biranen Sin irin su Beijin da Shanghai, da wasu biranen Turai, hayar keke ta koma cikin wayar salula. Mai son hawa zai sauke manhajar kamfani, ya yi rajista da lambar wayarsa, ya haɗa ta da asusun da za a riƙa cire kuɗi. Da ya buɗe manhajar, taswira za ta nuna masa kekunan da ke kusa da shi. In ya isa wurin keken sai ya haska kyamarar wayarsa a kan lambar QR da ke manne a jikinsa, kwaɗon da ke riƙe da tayar baya ya buɗe da kansa, lissafin lokaci ya fara. In ya kai inda za shi sai ya rufe kwaɗon, a cire kuɗi gwargwadon mintunan da ya yi, ya kama gabansa. Ba ya mayar da keken inda ya ɗauko shi, babu kuma wata tashar ƙarfe da sai ya nemo ya saƙala shi a ciki. Rashin tashar nan shi ne daɗin tsarin, kuma daga nan ne duk rigimar da ta biyo baya ta taso. Da aka cire tasha, aikin da take yi bai bi ta ba. Ya faɗa kan mahayi, da hukumar birni, da mai tafiya a ƙasa wanda ko manhajar bai sauke ba, kuma tsarin yana tsayawa da ƙafafunsa ne kawai a inda aka fayyace wanda zai ɗauki wannan aikin.

Tarihin keken gayya shi ne ke nuna mene ne aikin tashar. A 1965 wasu matasa 'yan ƙungiyar Provo a Amsterdam suka shafa wa kekuna farin fenti, suka ajiye su a titi ba kwaɗo, wanda duk ya so ya hau. Ba a daɗe ba 'yan sanda suka kwashe su. A 1995 birnin Kopenhagen ya gwada keken da ake buɗewa da tsabar kuɗi, a mayar wa mahayi kuɗinsa idan ya mayar da keken, amma tunda ba a san wanda ya ɗauka ba, sata ba ta tsaya ba. Sai da Lyon a 2005 da Faris a 2007 suka kafa tashoshi masu na'ura, inda sai mutum ya yi rajista da katinsa kafin keke ya fito, sannan abin ya zauna. Wanda ya san mai hayar keke na unguwa a garuruwanmu zai gane dalilin nan take: ya san yaron da ya ba wa keke, ya san gidansu, kuma keken zai dawo rumfarsa idan lokaci ya cika. Tashar ƙarfe ita ce ta tsaya a madadin wannan mutumin, tana tantance wanda ya ɗauka, tana kuma tilasta inda za a mayar. Aibinta shi ne tsada, domin sai an sami fili an kafa ta, ga kuma takaicin mahayin da ya iso ya tarar ta cika, dole ya ci gaba da tuƙi yana neman wata.

Wayar zamani ta warware rabin matsalar, wato sanin wanda ya ɗauka. Kamfanin Ofo, wanda Dai Wei da abokansa ɗaliban Jami'ar Peking suka kafa a 2014, ya fara da kekuna ruwan ɗorawa a harabar jami'a. Mobike na Hu Weiwei, wadda a da 'yar jarida ce, ya fito titunan Shanghai a Afrilun 2016 da keken da tayarsa ba ta buƙatar iska, kwaɗonsa kuma yana sanar da kamfani inda yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. A lokacin kuɗin hawa yuan 1 ne na rabin sa'a, araha ƙwarai. Masu zuba jari suka yi ta antayo kuɗi, kamfanoni da dama suka shigo, kowanne ya fahimci cewa wanda kekensa ya fi kusa da ƙafar mahayi shi zai ci kasuwa. Saboda haka aka yi ta zuba kekuna miliyoyi ba tare da duba bukatar birni ba. Kafin ƙarshen 2017 sun toshe ƙofofin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da hanyoyin masu tafiya a ƙasa, hukumomi suka riƙa kwashe su da manyan motoci suna jibgewa a filaye, har tarin ya zama tsauni a birane irin su Xiamen da Shanghai. Kamfanin Bluegogo ya durƙushe a Nuwamban 2017. Kamfanin Meituan ya sayi Mobike a Afrilun 2018 a kan kimanin dala biliyan 2.7. A Disamban wannan shekarar fiye da mutum miliyan 10 suka shiga layin neman kuɗin jinginar da suka ajiye wa Ofo, yuan 99 ko 199 kowannensu, kamfanin kuwa ba shi da abin biya. Ɗaya rabin matsalar, wato inda za a ajiye keke, babu wanda ya ɗauki nauyinsa tun farko.

Akwai masu cewa laifin na halin mutane ne, cewa kayan da ba na kowa ba dole a wulaƙanta shi. Suna da hujja. Mobike ya shiga Manchesta ta Ingila a Yunin 2017, ya fice a Satumban 2018 yana kuka da sata da ɓarna. Gobee.bike na Hong Kong ya bar Faransa a Fabrairun 2018 kan irin wannan dalilin. Sai dai tsaunukan kekuna na Sin ba ɓarayi suka tara su ba. Kamfanoni ne suka zuba fiye da abin da titi zai iya ɗauka. Kuma mahayi mai kirki ma tsarin bai ba shi dalilin kulawa ba, domin lissafin kuɗinsa yana tsayawa da zarar kwaɗo ya rufe, ko a ƙofar asibiti ya yar da keken. Singafo ce babbar shaida. Ƙasa ce da aka san ta da tsananin doka da tsabtar titi, amma ita ma kekuna suka watsu mata a gefen hanya da ƙarƙashin benaye. A 2018 ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanoni lasisi tare da ƙayyade yawan kekunan kowanne. Kamfanin oBike ya rufe aiki a watan Yuni maimakon ya bi dokar, jama'a da yawa suka rasa kuɗin jinginarsu. Daga Janairun 2019 mahayi ba ya kammala tafiya sai ya haska wata lambar QR da ke wurin ajiyar da aka ware. Wanda bai yi ba a caje shi dalar Singafo 5, wanda ya maimaita sau uku a shekara a dakatar da shi na wata guda. Mutanen dai su ne na da, ƙa'idar ce ta canza.

Wani zai ce, ai in haka ne an koma gidan jiya, tasha ta dawo da wani suna. Da ɗan gaskiya a nan, kuma bai kamata a ɓoye ta ba: 'yancin ajiye keke duk inda aka ga dama ya ragu. Amma bambancin tsada ba ƙarami ba ne. Wurin ajiya na wannan tsarin fenti ne a ƙasa da iyaka a taswirar manhaja. Ana iya yin ɗaruruwansa da kuɗin tashoshin ƙarfe kaɗan, a matsar da shi gobe in an ga bai dace ba, kuma ba ya ƙin karɓar keke don ramukansa sun cika. Masu ganin gara a hana abin baki ɗaya, kamar yadda Amsterdam ta kwashe irin waɗannan kekuna daga titunanta a 2017, su ma sai su dubi abin da ya faru a Sin bayan guguwar. Shanghai da Beijin sun hana ƙara sababbin kekuna a 2017, ma'aikatar sufuri ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta rajista da sunan gaskiya, suka kuma hana ba wa yaron da bai kai shekara 12 ba, bayan mutuwar wani yaro ɗan shekara 11 a Shanghai a kan keken haya. Kasuwa ta tattaru a hannun Meituan da Hellobike da Qingju na kamfanin Didi, kuɗin hawa ya ɗan tashi, kuɗin jingina kuma aka daina karɓarsa a mafi yawan wurare. Jama'a ba su daina hawa ba, domin bukatar tana nan: tazarar da ke tsakanin tashar jirgi da ƙofar gida ta yi wa ƙafa nisa, ta kuma yi wa tasi kusa. Ya kamata a tuna ma cewa filin da mota ɗaya ke tsayawa zai ɗauki kekuna kusan goma. Birnin da ya bar gefen titunansa ga motoci, sannan ya ce keke ne ya cinye masa wuri, bai yi adalci a lissafi ba.

Mahayi ma da nasa kason. Kamfani yana riƙe da bayanin inda ya tashi da inda ya sauka da lokacin da ya yi hakan, don haka ya dace ya san abin da ya amince da shi ranar da ya yi rajista. Kafin ya buɗe kwaɗo ya matsa birki, ya duba taya da sirdi, in ya ga matsala ya sanar ta manhaja ya nemi wani keken. Ya dubi iyakar yankin da kamfani ke aiki, domin fita daga cikinta yana jawo tara. Mafi muhimmanci shi ne minti na ƙarshe. Keken da aka gitta a hanyar masu tafiya a ƙasa ƙaramin abu ne ga mai lafiya, zai kewaye shi ya wuce, amma makaho zai yi tuntuɓe da shi, mai keken guragu kuma sai ya sauka cikin motoci. Idan ka hau irin wannan keken a wani birni, ka kai shi cikin wurin da aka zana, ka tsayar da shi a kan ƙafarsa, ka rufe kwaɗon, kuma kada ka bar wurin sai manhaja ta nuna maka cewa lissafi ya tsaya.