YADDA ƊAN KASUWA ZAI ZAƁI MANHAJAR LISSAFIN KUƊI

A garin Keffi, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, 'yan kasuwa da yawa suna barin littafin ciniki suna komawa ga manhajar lissafi a kwamfuta ko wayar hannu. Wannan ci gaba ne, amma wanda ya zaɓi manhajar da ba ta dace da sana'arsa ba yana iya yin asarar kuɗinsa da lissafinsa gaba ɗaya. Saboda haka ya kamata a lura da waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, dacewa da sana'a. Dillalin doya yana ƙirga da ƙwarya, mai hatsi da buhu da mudu, mai kantin magani kuwa yana bukatar sanin ranar da wa'adin kowane magani zai ƙare. Manhaja ta ƙwarai ita ce wadda za ta karɓi ma'aunin da aka saba, ta nuna kayan da suka rage, ta kuma riƙe sunayen waɗanda ake bi bashi.

Na biyu, bin doka. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ya adana takardun lissafinsa har shekara 6. Haka kuma tun watan Fabrairu na 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Wajibi ne manhaja ta iya lissafa wannan haraji da naira, ta fitar da rasit, kuma a iya gyara ta idan doka ta sake.

Na uku, wuta da intanet. Wasu manhajoji, irin su Zoho Books da QuickBooks Online, aikinsu ya dogara ne ga intanet. Wasu kuwa, irin su TallyPrime, a cikin kwamfuta suke zaune. Mai shago ya duba halin wutar unguwarsa da ƙarfin layinsa tukuna.

Na huɗu, farashi. A tambaya ko sau ɗaya ake biya ko kowane wata, kuma da naira ko da dala, domin abin da ake biya da dala yana hawa duk lokacin da naira ta faɗi.

Na biyar, tsaron amana. Yaron shago ya sami lambar sirrinsa daban da ta maigida, yadda ba zai iya share ciniki ba tare da an gane ba. A riƙa ajiye kwafin lissafi a wani wuri dabam kowane mako, don gudun gobara ko sata.

Daga ƙarshe, kada a yi cinikin biri a sama. A gwada manhajar na wata guda tare da tsohon littafi, sa'an nan a kai wa akanta mai rajista da ICAN ko ANAN ya gwama su. Idan lissafin biyu ya zo daidai, a biya. In bai zo ba, a nemi wata.