Kajiji a Fadamun Haɗeja

A fadamun Haɗeja, daga Auyo har Kirikasamma da Guri, kajiji ba baƙo ba ne. Ɗan'uwan aya ne, sai dai shi ba ya son tudu. Bakin tafki yake bi, da gefen kogi, inda ruwa ke kwanciya bayan ambaliyar Agusta da Satumba, ya ja da baya in rani ya kama. Karansa kore ne, siriri, a mulmule, kusan babu ganye, yakan kai ƙirjin mutum. In ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji gaɓa-gaɓa a ciki, in ya bushe kuwa har ido na ganinsu. A ƙoli yake fitar da ɗan fure ruwan ƙasa.

Amma ba karan ne abin nema ba. Dukiyar tana cikin laka: saiwa mai ƙulli-ƙulli, baƙa-baƙa, mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa tana tofo sabon kara. Ita ke raya shi in fadama ta ƙafe. Sai ruwa ya janye ake haƙo ta, a wanke, a kankare gashin jikinta, a shanya ta bushe ƙarau, sannan ta nufi kasuwa wurin masu kayan ƙamshi.

Daga nan aiki ya koma hannun mata. Mai haɗa turaren wuta takan daka kajiji a turmi, ta haɗa da sandal da farce, ta zuba turaren ruwa, ta rufe a kwalba ya tsumu. Kowace da sirrin haɗinta, kuma ba ta faɗa. Matan Barebari ne suka yi suna a wannan fanni, Haɗeja kuwa maƙwabciyar Nguru ce, ba abin mamaki ba ne hannu ya zo ɗaya. Ana gobe kai amarya, a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa, a turara ɗaki da zannuwa har ƙamshin ya kama labule. Mai jego ma haka. Tsofaffi kan jiƙa shi don ciwon ciki, wasu kuma su ce hayaƙinsa na korar iska. Ni dai ƙamshin nake ba shaida: ba ya hawa kai, ga jimawa a tufa. Can Brazil ma da saiwar wannan ciyawa ake yin turare.

Sai dai fadamar da kajiji ke fitowa ta sauya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya rage zuwa da tafiya irin na da, a wurare da dama ya zauna shekara cur. Abin da ciyawar kacalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, kuma inda ta kafu ba kasafai take barin wata ciyawa ta miƙe ba.