Ofishin da ke Tsaron Yara da Taimakon Iyali

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Maganar gaskiya ce, amma ka san halin mutane: abin da aka ce na kowa ne, in ba a ɗora wa wani nauyinsa ba, sai wannan ya bar wa wancan, wancan ya bar wa wannan, har abin ya lalace ana kallo. Sabo da haka Gwamnati ta keɓe waɗansu ma'aikata, ta ce aikinsu shi ne lura da yaran da su ka shiga wahala, da gidajen da ƙarfinsu ya kasa. A Nijeriya wannan aiki yana hannun Ma'aikatar Harkokin Mata da Jin Daɗin Jama'a. Akwai ta Tarayya a Abuja, ko wace jiha kuwa tana da tata, ko da ya ke sunan ya kan bambanta kaɗan daga jiha zuwa jiha. A ƙananan hukumomi kuma akwai ofishin jin daɗin jama'a, shi ne mafi kusa da kai.

Mutane da yawa suna tsoron wannan ofis, suna cewa masu ƙwace 'ya'yan mutane ne. Ka karanta a hankali, ka ga yadda aikin ya ke.

YADDA AKA FARO

Tun kafin zuwan Turawa ƙasarmu ba ta rasa tsari ba. In uba ya rasu, dangi su kan ɗauki marayu. In aka tsinci yaro a kasuwa ko bakin hanya, sai a kai shi gidan mai unguwa, a yi cigiya, in ba a dace ba a kai maganar gaban dagaci, daga nan sai hakimi. Shari'ar Musulunci kuma ta ce tsintaccen da ba shi da kowa, ba shi da dukiya, ci da tufafinsa suna kan Baitulmali. Ka ga ashe tun da can an san hukuma tana da rabo cikin wannan nauyi.

A zamanin Gwamna Lugga aka buɗe gida a Zungeru domin yaran da aka karɓe daga hannun fataken bayi, waɗanda ba a san garuruwansu ba. An rufe shi cikin 1909. Cikin 1941 wani Bature wai shi Donald Faulkner ya soma aiki a Ikko, watau Legas, tsakanin yaran da ke kwana a kasuwa da bakin titi. Daga aikinsa ofishin jin daɗin jama'a ya tsiro. Cikin 1943 aka kafa doka ta yara da samari a Ikko, wadda ta ce yaro in ya yi laifi, a yi masa shari'a dabam, kada a gama shi da manyan ɓarayi. Jihar Arewa ta yi tata irin wannan doka cikin 1958.

DOKAR DA A KE BI

Cikin 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya yarjejeniya a kan haƙƙin yara, Nijeriya ta amince da ita cikin 1991. Sa'an nan cikin 2003 Majalisar Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara. Wannan doka tana aiki kai tsaye a Abuja kaɗai. Ko wace jiha sai majalisarta ta zauna ta yi tata, waɗansu kuma sun gyara ta domin ta dace da addini da al'adar mutanensu. Kaduna ta yi tata cikin 2018, Kano cikin 2023.

Tushen dokar 2003 magana ɗaya ce: a ko wane al'amari da ya shafi yaro, abin da ya fi zama alheri gare shi shi za a fara dubawa. Yaro kuwa a wurinta shi ne wanda bai cika shekara 18 ba. Ta ba shi haƙƙin suna, da rajistar haihuwa, da karatu, da magani. Ta hana sayar da shi, da azabtar da shi, da sa shi aikin da ya fi ƙarfinsa. Ta kuma ce yana da haƙƙin zama a hannun iyayensa. Ka riƙe wannan na ƙarshe da kyau, gama a kansa aikin ofishin ya ke tsaye.

AIKI NA FARKO: A TALLAFI GIDA

Talauci ba laifi ba ne, ba a kuwa raba mutum da ɗansa don tukunyarsa ba ta hau wuta kullum. Dokar ta ɗora wa Gwamnatin jiha ta nemi yaran da ke cikin bukata, ta taimake su suna cikin gidajensu, matuƙar zaman nan ba zai cuce su ba.

Bari mu yi misali. A ce wani ya saki matarsa, ta koma gidan iyayenta da 'ya'ya uku, shi kuwa ya yi shiru, ba hatsi, ba kuɗin makaranta. Matar tana iya zuwa ofis ta kai kuka. Ma'aikaci zai rubuta maganarta, ya aika wa mijin takardar kira. In ya zo sai a zaunar da su, sau da yawa tare da waliyyai ko wani dattijo na unguwa, a ji ta bakin kowa. A tambayi mijin sana'arsa da abin da ya ke samu, a yanka masa abin da zai iya bayarwa ko wane wata, a rubuta, kowa ya sa hannu. In ya cika alkawari, magana ta ƙare ke nan, ba wanda ya je gaban alƙali. In ya ƙi, sa'an nan a miƙa su kotu. Ma'aikacin ba shi da ikon ɗaure kowa. Ikonsa shi ne bincike, da sulhu, da kai rahoto inda za a yanke hukunci.

Haka kuma in aka ga yarinya tana yawo da farantin talla har dare, ko yaro ya bar makaranta, ma'aikacin kirki ba zai fara da zagin iyaye ba. Zai je gidan ya ga dalili. Wataƙila uban ne ya kwanta ciwo, wataƙila uwar ce ta rasa jari. In ya gane inda ciwon ya ke, sai ya nemi magani: ya haɗa su da asibiti, ko da wurin koyon sana'a, ko da hukumar zakka inda akwai ta, ko ya tuna wa dangi masu hali nauyin da ke kansu. Rigakafi ya fi magani, kuma ciyar da yaro a ɗakin uwarsa ya fi sauƙi ga Gwamnati bisa ga riƙonsa a gidan marayu.

SA'AD DA A KE ƊAUKE YARO

Amma akwai gidan da yaro ba shi da mafaka cikinsa. Akwai wanda a ke ƙona wa hannu da wuta don ya ɗauki nama a tukunya. Akwai wanda a ke kulle wa a ɗaki ba abinci. Akwai yarinyar da babba ya ke lalatawa, mutanen gida kuma su rufe maganar don gudun abin kunya. A nan ne hukuma ta ke shiga da ƙarfi.

Duk da haka ba a ɗauke yaro da ka. In haɗarin na gaggawa ne, 'yan sanda ko ma'aikata su kan fitar da shi zuwa asibiti ko wani amintaccen wuri na 'yan kwanaki. Abin da ya wuce wannan sai da umurnin kotu. Dokar 2003 ta kafa Kotun Iyali domin irin wannan shari'a. Alƙali ya kan zauna tare da mashawarta waɗanda su ka san halin yara, ba a barin 'yan kallo su shiga, ba a kuma buga sunan yaron a jarida. Iyaye suna da ikon zuwa su faɗi nasu.

Alƙali yana iya cewa yaro ya zauna a gida, amma ma'aikaci ya riƙa zuwa yana dubawa. Yana iya kuma cewa a danƙa shi a hannun Gwamnati. Ko an yi haka, wurin da a ke fara nema masa shi ne cikin dangi: kaka, ko gwaggo, ko kawu. Sai an rasa wannan tukuna a ke tunanin baƙo ko gidan yara, irin Gidan Marayu na Nassarawa da ke Kano. Iyaye kuma ba a hana su ganinsa, sai in ganin zai cuce shi.

MAI SON RIƘO

In kana son ka ɗauki maraya ko tsintacce ka riƙa, lada ce babba, amma ka bi ta ƙofa. Ka je ofis ka nema. Za a zo a ga gidanka, a tambayi halinka da abin da ka ke ci da iyali da shi, sa'an nan kotu ta ba da izini. Bayan ka karɓa ma za a riƙa leƙowa. Ga Musulmi, ɗan riƙo ba ya barin sunan ubansa in an san shi, ba ya kuwa cin gado kamar ɗan ciki, amma kana iya yi masa kyauta kana da rai, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Duk wanda ya zo maka da jariri a ɓoye ya ce ka ba shi kuɗi, ka sani ɗan wani ne aka raba da uwarsa.

ABU BIYU DA SU KA FARU CIKIN 2019

A watan Satumba na 2019 'yan sanda su ka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, su ka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, waɗansu da mari a ƙafa. Iyayensu ne su ka kai yawancinsu da hannunsu, suna tsammani tarbiyya a ke yi musu. Gwamnatin jiha ta tsugunar da su a sansanin alhazai, ana neman danginsu. A watan Oktoba kuma 'yan sandan Kano su ka nuna yara 9 da aka sace daga unguwannin birnin, an samo yawancinsu a Anaca ta jihar Anambara, an sayar da su, an sake musu suna. Irin wannan fatauci na mutane akwai hukuma ta Tarayya da aka kafa dominsa cikin 2003, ana kiranta NAPTIP.

Ka lura da abin da ya haɗa labaran nan biyu. Ba dare ɗaya abin ya faru ba. An daɗe ana yi kafin labari ya kai kunnen masu iko.

ABIN DA YA RAGE GARE KA

Ma'aikatan nan kaɗan ne, yara kuwa suna da yawa, kuɗin aikin ma ba kullum ya ke isa ba. Ba su da ido a ko wane zaure. Idonsu kai ne, da maƙwabcinka, da limamin unguwa, da malamin makaranta.

To, ga abin da za ka yi. In an haifa maka, ka karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, gama ita ce shaidarka ran da aka yi gardama a kan yaro. In ka ba da ɗanka riƙo ko karatu a wani gari, ka riƙa zuwa da ƙafarka, ka keɓe da shi, ka dubi jikinsa, ka ji ta bakinsa. In yaro ya ɓace, ko ka tsinci na wani, ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda a ranar, kada ka kwana. In kana jin kukan yaro ɗaya ko wane dare ta bayan katanga, ka fara da nasiha in za ta yi amfani, in ba ta yi ba ka kai magana ofis. Wannan ba tsegumi ba ne, ceton rai ne. In kuwa kai ne abin duniya ya yi wa nauyi, kada kunya ta hana ka zuwa tun yaran suna gabanka. An kafa ofishin domin wanda ya zo da wuri.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.