Kwamfutar Ofis: Wa Ka Bar Wa Mabuɗi?

Daga Gummi zuwa Anka da Bukkuyum, da wuya yanzu ka shiga makaranta, asibiti ko shagon buga takardu ba ka tarar da kwamfuta ɗaya da kowa ya dogara da ita ba. A cikinta ake tara sakamakon jarrabawa, takardar albashi, hotunan katin NIN na jama'a. Idan wasu kwamfutoci na ɗebo bayanai daga gare ta, to ta zama abin da masana ke kira saba, ko da a ƙarƙashin tebur take tana shan ƙura. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ke da izinin buɗe me?

Windows na zuwa da saitinta na asali. Kowane fayil da kowace folda na ɗauke da jerin sunayen waɗanda aka yarda su karanta, su rubuta, su gyara, ko su yi yadda suka ga dama. Sabuwar folda kuma gadon izinin uwarta take yi. Nan gizo ke saƙa. A Windows 10, in ka ƙirƙiri folda kai tsaye a bakin faifan C, duk mai asusu a kwamfutar yana iya gyara abin da ke ciki, har ya goge. Mai ofis yana ganin ya adana, alhali rumbu ya gina a bakin hanya bai sa masa ƙofa ba.

Rajista kuwa ita ce kundin da Windows ke rubuta yawancin saitinta. A ƙa'ida, ma'aikaci na taɓa ɓangarensa ne kawai. Ɓangaren na'urar gaba ɗaya sai mai cikakken iko, wato admin. Tsarin ba shi da laifi. Mu ne ke rusa shi, domin a yawancin wurarenmu asusu guda ake da shi, na admin, oga da sakatare da yaron da ke koyon aiki duk da shi suke shiga, kalmar sirrin kuwa tana manne a jikin allon da salatif. In ƙwayar cuta ta shigo ta filashin wani kwastoma, da ikon admin za ta yi ɓarnarta.

Kada kuma a ce tunda daga kamfani saitin ya zo, shi ke nan. A watan Yulin 2021 aka gano cewa wasu nau'o'in Windows 10 sun bar wa kowane mai asusu damar karanta fayil ɗin SAM, inda ake ɓoye bayanan kalmomin sirri. Microsoft ta amsa kuskuren, ta fitar da gyara a watan Agusta. Wanda bai sabunta ba, yana nan da raminsa. Ga shi kuma tun 14 ga Janairun 2020 aka daina yi wa Windows 7 gyara, amma har gobe tana aiki a shagunanmu.

Mu a Yargalma mun san nauyin bayanan jama'a da ake tarawa a kwamfuta. Tun annobar gubar dalma ta 2010, yara da dama na da tarihin gwajin jini da na magani a rubuce. Sirrin iyali ne, ba abin da ɗan aike zai buɗe yana kallo ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora alhakin tsare su a wuyan mai riƙe da su.

Gyaran bai kai wahalar da ake zato ba. A buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa marar iko, a ajiye na admin sai ranar sa manhaja. A danna folda mai muhimmanci da maɓallin dama, a shiga Properties, sannan Security. In an ga Everyone da cikakken iko, a cire, a sa sunayen masu aikin kaɗai. Wanda ya bar aiki, a rufe asusunsa ranar. Rajista da foldar Windows kanta kuwa a bar su yadda suke. Mai ƙaramin sani da ya shiga canza izininsu kan wayi gari kwamfuta ta ƙi tashi. A tuna kuma, filashi mai tsarin FAT32 ba ya riƙe izini ko kaɗan, wanda ya tsince shi ya tsinci komai.

Kai kuma ɗan'uwa da ka kai takardunka a buga ko a yi maka rajista, kada kunya ta hana ka. Ka tsaya a goge kwafinka a gabanka, har daga kwandon shara, kafin ka bar shagon.