Sababbin Motoci Sun Fara Zuwa Ba Tare Da Safaya Ba

Shekara da shekaru, duk wanda ya sayi sabuwar mota ya san cewa zai tarar da taya ta biyar a cikin but, tare da jak da sifanar kwance noti. Amma a halin yanzu wannan al'ada tana neman gushewa a ƙasashen Turai da Amurka, inda kamfanoni da dama suka maye gurbin safaya da wani ɗan akwati mai ɗauke da kwalbar ruwan liƙe faci da ƙaramin injin hura iska.

Wani bincike da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wato AAA, ta gudanar ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na sababbin motoci samfurin 2017 ba su zo da safaya ba. A Birtaniya abin ya fi haka tsanani, domin a shekarar 2023 kamfanin RAC mai kai wa direbobi ɗauki a hanya ya duba ire-iren motoci fiye da 300 da ake sayarwa, ya iske kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai ke zuwa da safaya ba tare da an biya ƙarin kuɗi ba.

Abin lura shi ne, a Birtaniya ɗin ne wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da Walter Davies na garin Llanelli, suka fito da tayar ko-ta-kwana mai suna Stepney a shekarar 1904, sunan da har yau ake kiran safaya da shi a Indiya.

Babban dalilin wannan sauyi shi ne nauyi. Safaya da jak ɗinta sukan kai kilo 15 zuwa 20, kuma duk abin da aka rage na nauyin mota yana rage mata shan mai da fitar da hayaƙi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2009 wadda ta ƙayyade yawan hayaƙin da sababbin motoci za su riƙa fitarwa, sa'an nan tun daga 2019 kamfanin da ya zarce ƙa'ida yake biyan tarar yuro 95 a kan kowane giram guda da ya haura, a kowace motar da ya sayar. Ga kamfanin da ke sayar da miliyoyin motoci, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Bugu da ƙari, akwatin faci ya fi taya da ƙarfenta araha nesa ba kusa ba, don haka kamfani yana samun rara, kana ya sayar da safayar daban ga mai bukata. Kazalika, a motoci masu aiki da lantarki, da masu haɗa fetur da lantarki, batir ne yakan cinye gurbin da aka saba ajiye ta. Motocin Tesla masu ɗaukar fasinja, alal misali, ba sa zuwa da ita.

Yadda akwatin yake aiki ba shi da wuya. Direba zai jona injin iskar da wutar mota, ya ɗura ruwan liƙin ta bakin da ake ba taya iska, ya hura ta, sa'an nan ya yi 'yar tafiya domin ruwan ya zagaya ya toshe hujin. Sai dai dabarar tana da iyaka. Tana amfani ne kawai idan ƙusa ko makamancinta ya huda tafin taya, kuma hujin bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba. Idan gefen taya ne ya yage, ko ta fashe, ko ƙarfen ya lanƙwashe bayan faɗawa rami, to akwatin ba shi da wani amfani. Ko da facin ya kama, ba a so a wuce gudun kilomita 80 a sa'a guda, kuma wajibi ne a kai tayar wurin gyara. Shi kansa ruwan yakan lalace bayan shekara 4 zuwa 8, kuma sau ɗaya ake amfani da kwalba.

Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye, kasancewar akasarin motocin da ake shigowa da su ta tashoshin jiragen ruwa na Legas tsofaffi ne daga Amurka da Turai, waɗanda aka fi sani da tokumbo. Motar da ta fito daga masana'anta ba safaya shekara goma da suka wuce, ita ce take isowa hannun dillalai a yau, kuma sau da yawa ruwan liƙin da ke cikinta ya riga ya tashi daga aiki.

An ƙirƙiro wannan tsari ne domin ƙasashen da direba zai buga waya motar janwe ta zo ta same shi cikin ɗan lokaci. A nan kuwa, ramukan da ke kan manyan hanyoyi sun fi yaga gefen taya, wato irin ɓarnar da ruwan liƙi ba ya magani. Wanda tayarsa ta fashe da dare a tsakiyar daji, nesa da mai faci, ba asarar lokaci kaɗai yake fuskanta ba, har da barazana ga lafiyarsa da ta iyalinsa.

Haka nan kuma akwai batun doka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sanya tuƙi ba tare da safaya ba cikin jerin laifuffukan da ake cin tara a kansu.

Ta fuskar tattalin arziki, nauyin yana komawa kan mai saye. Tun bayan da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, ƙasar nan ta dogara ƙwarai ga tayoyin waje, waɗanda farashinsu ke bin tashin dala. Don haka sayen taya da ƙarfenta da jak ƙarin kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun wajen ciniki.

Saboda haka ya kamata mai sayen mota ya ɗaga shimfiɗar but ya duba da idonsa kafin ya biya. Idan babu safaya, ya tabbatar akwai gurbin ajiye ta, ya nemi wadda girmanta da ramukan notinta suka dace da motar, kuma ya sa a rage masa kuɗinta daga farashi. Su ma dillalai da kamfanonin da ke harhaɗa motoci a cikin gida, ya dace su riƙa la'akari da yanayin hanyoyinmu wajen zaɓen abin da za su kawo kasuwa.